Yadda Na Gyara Motar Kawu da Bakina

Ba zan taɓa mantawa ba da safiyar ɗaurin auren Rabi a Wara, ko da ma na so in manta mutanen garin nan ba za su bar ni ba. Ni bakanike ne, garejina na nan Yelwa, kuma ba yabon kai ba, hannuna na da kyau a aikin mota. Matsalar ita ce ranar nan ba da hannu na yi aikin ba.

Bari in fara da motar. Kawu Mamman, yayan Innata, yana da wata tsohuwar motar Japan, ja, wadda ya saya tun ina yaro a hannun wani Bature da ya yi aikin kifi a bakin tafki. Injinta ba irin na sauran motoci ba ne. Babu fistin ko ɗaya a cikinsa, wani ƙarfe ne mai kusurwa uku yake juyawa, kuma da gangan take shan baƙin mai kaɗan-kaɗan kamar injin jirgin ruwa. A kewayen kafireto kuwa ƙananan tiyo ne birjik, wannan ya hau wancan, kowane ya nufi wani bawul na iska ko na rage hayaƙi. Na sha ganin bakanike ya buɗe bonet ɗinta, ya yi salati, ya mayar ya rufe, ya ce yana zuwa.

Ni ke duba ta tun ina koyon aiki. 'Ya'yan Kawu duk mata ne, kuma kowace a cikin motar nan aka kai ta ɗakin miji, shi da kansa yake tuƙawa. To yanzu ido ya yi rauni, ga Rabi auta za a kai Shanga. Kowa a dangi ya san duk wanda Kawu ya miƙa wa makulli ya kai Rabi, motar ta zama tasa ke nan. Bai taɓa faɗin suna ba, amma ni tuni na auna inda zan kafa mata rumfa a ƙofar gidana (har na sa matata Hadiza ta matsar da turken akuyarta, muka kwana biyu ba ma shiri).

Sai kuma ga Sale.

Sale taubashina ne, ɗan ƙanen Inna, gyaran injin jirgi yake yi a bakin ruwan Wara. Na girme shi, na riga shi riƙe sifana, ni na ma fara nuna masa yadda ake duba fulogi. Amma je ka Wara ka ji. Masunta ba sa kiransa da suna, sai Injiniya. Ni shekara da shekaru ina kwance ƙarƙashin motocin mutane, iyakar abin da na samu shi ne “mai gareji”. Ko Innata, uwar da ta haife ni, in ta tashi yabon natsuwa Sale take kawowa misali. Abin da ya fi ƙona mini rai, yaron ba shi da girman kai ko kaɗan. Da ma mai fankama ne da na samu abin riƙewa, to ina, kullum fara'a, kullum zolaya, yana ganina sai ya washe baki ya ce, “Ɗan Gwaggo, ina aka fito?” Ina kishinsa, ba zan ɓoye ba. In an ambaci sunansa ina cin tuwo, loma tsayawa take yi.

Kafin damina na kwance kafireton motar da tukunyar tace iska da ke kansa, na tafi da su Yelwa in wanke. Aiki ya sha kaina, ga gona, ban dawo na ɗaura ba sai bayan kaka, biki ya ƙarato. Ta tashi lafiya, tana gudu lafiya. Amma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai salansa, wato bututun hayaƙi, ta yi “tau!” har da ɗan tartsatsin wuta. Ranar da na fita gwaji ta gefen kasuwa, sau ɗaya ta yi, mata masu suyar kifi suka watse, wani dattijo ya kwanta rub da ciki bayan buhunan shinkafa. A zamanin nan, a yankinmu, ba a wasa da ƙarar da ta yi kama da bindiga. Kawu ya ce ba za a ɗauki ɗiyarsa a motar da ke harbi ba.

Babu abin da ban yi ba. Na canza fulogi, na sake wanke kafireto, na murɗa sukurun mai ciki da waje har na manta inda yake da farko, na taɓa taimin ɗin wuta. Tana nan tana harbinta. Daga ƙarshe na kawo maganin da muke yi wa kowace tsohuwar mota.

Na ce, “Kawu, bari in toshe duk tiyon nan da kusoshi a huta. Kayan ƙasar sanyi ne, mu nan ba su da amfani.”

Ya dube ni ta saman gilashinsa ya ce, “Wanda ya ƙera ta mahaukaci ne da ya saka su? Ba ka toshe komi. Kira mini Sale.”

Ka ji fa. Da wayata, da katina, da bakina na kira shi. Ya ce yana can tsallaken ruwa da injin wani, sai safiyar biki zai iso.

Safiyar ta zo. An turo motar gindin mangwaron ƙofar gida, baƙi sun fara cika tabarmi, dangin ango sun iso daga Shanga. Ni na sha sabuwar shadda ruwan toka, wadda na ɗinka musamman don tuƙin amarya. Sale ya iso da tsohuwar rigar aiki, riƙe da wani ɗan famfon hannu mai agogo a kai. Sai ya cire siririn tiyo ɗaya, ya maƙala famfon, ya matsa, ya kalli agogon, ya mayar, ya kama na gaba. Babu gaggawa, babu surutu. Mutane suka bar tabarmi suka kewaye shi. Na ji wani yana cewa, “Kai, yaron ga ya san aiki.” Ni da na yi sati ina zufa a kan motar nan babu wanda ya ce mini ko sannu.

Na tsaya a gefe na harɗe hannu, ina ɗan murmushin wanda ya riga ya san ƙarshen labari. Hadiza ta leƙo daga zaure, ta ga fuskata, ta yafito ni.

Ta ce ƙasa-ƙasa, “Malam, don Allah ka je ka zauna cikin mutane. Na san wagga fuskar.”

Na ce, “Wace fuska? Kallo kawai nake yi.”

“To ka yi kallon daga kan tabarma.”

Da na ji maganarta da yau ba ni da labarin ba ku.

Ina komawa na tarar Sale yana yi wa Kawu bayani. Ya nuna wani bawul a gefen injin ya ce, “Kawu, ka ga wannan? In aka ɗaga ƙafa daga totur, mai yakan yi yawa a ciki. To shi aikinsa ya buɗe ya ƙara iska nan take. In bai samu iska ba, ɗanyen mai ya tafi salansa, can zai kama da wuta, shi ne harbin da kake ji. Bawul ɗin na gwada, lafiyarsa lau. Bari in gama da ƙananan tiyon nan, sai in duba babban da ke kawo masa iska.”

Wallahi na san bawul ɗin nan, na san aikinsa, kaina ne kawai bai kai can ba duk satin. Kuma babban tiyon da yake magana, mai kaurin yatsa, ni na ɗaura shi da hannuna. Na ga Kawu yana gyaɗa kai, na ga makullin yana leƙowa daga aljihunsa.

Na kutsa cikin mutane na ce, da ƙarfi yadda na bayan ma za su ji, “Wannan tiyon lafiyarsa ƙalau, ni na saka shi. Kuma mu da muka koyi aiki a gaban manya ba ma buƙatar agogo. Da baki muke gwadawa.”

(Gaskiya ne, haka muke yi. Ka tsotsa, in iska ta zo ka san a buɗe yake. Ba wani abin kunya ba ne a gareji. Amma gareji daban, taron biki daban.)

Na zare tiyon daga jikin bawul, na bar ɗaya bakin a tukunyar iska, na goge da gefen hannu, na kafa baki na ja. Shiru. Ko ɗigon iska babu.

To a nan fa, jama'a, a nan ne Allah ya ba ni nasara a tafin hannu. Abin da ya rage kawai in ɗago kai in ce, “Ga matsalar, ya toshe.” Shi ke nan na riga Sale, makulli nawa, shadda ta yi rana. Amma yanzu-yanzu na gama shela cewa lafiyarsa ƙalau. Yaya zan yi in ƙaryata kaina a gaban yaron nan?

Sale ya yi dariya ya ce, “Ɗan Gwaggo, a hankali, ba fura ba ce.”

Mutane suka kwashe da dariya. Raina ya ɓaci. Na lanƙwasa tiyon, na murza shi a hannu, na fitar da duk iskar ƙirjina, na ja da ƙarfin da ban taɓa jan komai da shi ba a duniya.

Fut!

Wani dunƙule ya fashe a bakina. Ƙasa ce busasshiya, garas-garas a haƙori, sannan wasu abubuwa masu laushi da sanyi, da yawa, wasu har sun kai maƙogwaro. Nan take na gane. Gidan zanzaro ne. Duk wanda ya taɓa fasa gidan zanzaro a jikin bango ya san abin da take tarawa a ciki don 'ya'yanta. Tsutsotsi ne kore da ƙananan gizo-gizo, kuma ba matattu ba, sumammu.

Mai hankali tofarwa zai yi. Ni kuwa na rufe bakina gam. Na mayar da tiyon jikin bawul, na danna shi da kyau, na dubi Sale na ɗaga masa gira, wai ka gani, lafiya lau. Sannan na juya a hankali, na nufi bayan gida da tafiyar ƙasaita, kumatu cike, hawaye na taruwa a ido.

Saura kaɗan in sha kwana sai ga baffan ango, wani dattijo fari tas da rawani, ya miƙo mini hannu. Ka san gaisuwar tsofaffinmu, in ya kama hannunka ba ya saki sai ya ƙirga kowa a gidanku.

“Ina kwana? An tashi lahiya?”

Na ce, “Mm.”

“Ina gajiya? Ina iyali? Ya muka ji da hidima?”

“Mm. Mm.”

Ashe kunnensa da nauyi. Ya matso da kansa dab da bakina ya ce, “Na'am? Mi ka ce?”

A daidai lokacin wani abu ya motsa a kan harshena. Ban san sa'ad da na haɗiye ba. Ba duka ba, amma dai an samu waɗanda suka wuce. Na ce “lafiya” ta tsakanin haƙora, na fizge hannuna na ruga. Ina jinsa yana ce wa na kusa da shi, “Wanga yaro akwai son goro, baki cike tun da safe.”

A bayan rumbu na durƙusa na yi ta tofi, na yi ta kakari, ina goge harshe da hannun sabuwar shadda. Ina cikin haka na ji an ta da mota. Aka taka totur ta yi kuka, aka saki. Na jira “tau!” Shiru. Aka sake takawa, aka saki. Shiru, sai gurnaninta mai daɗi irin na da. Sai guɗa ta tashi daga cikin gida, maza kuma suna ta “Injiniya! Injiniya!”

Ni ne fa na gyara ta. Da bakina, da harshena, har da cikina. Ga ni durƙushe bayan rumbu da ƙasa a haƙori, ana can ana yi wa wani guɗa.

Na leƙo. Da idona na ga Kawu ya kashe motar, ya zare makulli, ya ɗora a tafin Sale yana faɗa masa wata magana. Abin da ya rage mini na hankali a nan ya tafi. Da na wanke baki na koma tabarma, babu mahalukin da zai san abin da ya faru har abada. Amma in bar Sale da yabon nan? Na fito da gudu ina ɗaga hannu.

“Ƙarya ne! Ni na gyara ta! Bai yi komai ba, ni ne!”

Kawu ya ce, “Kai, lafiyarka? Ta yaya ka gyara ta?”

“Gidan zanzaro ne ya toshe tiyon, ni na tsotse shi! Ku zo ku gani!”

Ni da kaina na ja su. Kawu, da Sale, da abokan ango, da dattijon nan mai rawani, duk suka biyo ni bayan rumbu don in nuna musu abin da na tofar. Muna zuwa muka tarar kajin gidan sun riga mu. Sun share wurin tas, sai wata uwar kaza tana goge baki a ƙasa. Na tsaya ina nuna wurin da babu komai, ina rantsuwa.

Sale ya matso ya dube ni da kyau. Ya sa yatsa biyu a gemuna ya ciro wata 'yar kore, tana ɗan lanƙwasa jiki, ya ɗaga ta sama kowa ya gani.

Ya ce, “Gaskiyarsa ne, Kawu. Ni ban ma kai ga tiyon nan ba, tayarwa kawai na yi in ji. Ɗan Gwaggo ne ya gyara ta.”

Ka ga irin halin nasa da ke ci mini rai? Ko gardama bai yi ba, balle in samu abokin faɗa.

Dariyar da aka yi a wurin nan, wani har zama ya yi a ƙasa yana riƙe ciki. Dattijon ya tambayi abin da ake wa dariya, aka faɗa masa da ihu a kunne (wanda bai ji ba a karon farko ya ji yanzu), ya dubi hannun da ya gaisa da ni, ya goge a rigarsa. Na hango Hadiza a bakin zaure ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya.

Kawu kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya bari aka lafa, sannan ya ce, “To na ji. Amma ina da tambaya. Zanzaro ba ta shiga rufaffen wuri. Ta ina ta samu ƙofa?”

Ya juyo ya dube ni, ya ƙara wata.

“Wa ya kwance tukunyar iska ya bar tiyo a buɗe damina guda, ko tsumma bai cusa ba?”

Ni na kira taro, ni na kawo shaida, ni kuma shaidar ta kama. Kawu ya juya ya ce, “Sale, je ka sa rigar kirki. Kai za ka kai ƙanwarka.”

Da la'asar aka ɗauki amarya. Ni aka ba ni bayan a-kori-kura, ni da katifa da kwanuka, ina riƙe da madubin sif kada ya fashe. Hanyar Shanga kuwa ta Yelwa take bi, ta ƙofar garejina. Maƙwabtana da na yi wata guda ina gaya musu su fito su ga wucewata, duk sun fito. Suka ga jar mota ta wuce sumul, Sale a sitiyari yana ɗaga musu hannu. Sannan suka ga ni a baya, rungume da madubi. Ko harbi ɗaya ba ta yi ba har Shanga, kuma Allah ya gafarta mini, duk hanya ina addu'ar ta yi.

Bayan kwana biyu na je gaida Inna, ina ta ƙorafi cewa dama can Kawu Sale yake so, an dai yi amfani da ni ne. Tana tsinke zogale, ba ta ko ɗago ba.

Ta ce, “Kai dai wawa ne. Tun ana gobe biki Yaya ya gaya mini kai za ka kai Rabi. Ya ce shekara nawa kana wahala da motar nan, Sale taya ka kawai aka kira shi ya yi.”

Na ce, “Inna, da idona na ga ya ba shi makulli.”

“Cewa ya yi ya zagaya da ita ya gwada, in ya dawo ya kai maka. Sai ga ka ka fito kana ihu da tsutsa a gemu.” Ta watsa ganye a kwano. “Ya ce mantuwar tiyo ba komi ba ce, kowa na mantuwa. Amma mutumin da ba ya iya jin an yabi ƙanensa na minti ɗaya, ba shi ba shi amanar ɗiya a hanya.”

Ta miƙo mini ruwa, ta ce in sha a hankali, kada in tsotsa. Uwata ke nan fa.

Motar tana Wara yanzu, a ƙofar gidan Sale, ƙarƙashin rumfa mai kyau. Ba zan yi muku ƙarya in ce kishin ya fita ba, duk ranar da na ji kukanta a titin Yelwa sai na shige ƙarƙashin wata mota na yi kamar ina aiki. Amma na koyi abu biyu, kuma kyauta nake ba da su. In ka ja tiyo iska ta ƙi zuwa, ka yarda ya toshe, kada ka ƙara ƙarfi. In kuma ka ji ana yabon ɗan'uwanka, ka ci gaba da rufe bakinka, ko da tsutsa ce a ciki.